Babi na Bakwai: Sararin Maƙwabci

Hoton a cikin wayar ɗan yayana yake. Gida ne a bakin gaɓar wani tsauni, bangonsa gilashi tun daga daɓe har rufi, wasu mata biyu cikin fararen riguna suna hira a kusurwar falo, can ƙasa kuma fitilun birni sun bazu iyakar ganin ido, kamar an watsa garwashi a faranti. Yaron ya zo hutu ne daga jami'ar Maraɗi ya tarar ana shawarar gini. Ya durƙusa ya miƙa wa mahaifinsa wayar, ya ce, "Baba, in dai za a kashe kuɗin, irin wannan ya kamata a yi."

Yayana ya daɗe yana fatauci tsakanin Tasawa da Kano, Allah kuma ya rufa masa asiri har ya sayi fili a sabon yankan da aka yi a gefen gari ta wajen arewa, irin wanda ake ce wa lotisma. Shekara biyu kafin nan wurin gonar hatsi ne. Har lokacin ana tuntuɓe da tushiyar kara, ga gawo biyu manya tsaye a ciki. Abin da ke ransa tun farko bene ne mai baranda ta sama, irin waɗanda ya saba gani a Kano da Maraɗi. Da ya ga hoton sai zuciyarsa ta rabu biyu, ya aika aka kirawo tsohon maginin da ya yi wa mahaifinmu soro.

Tsohon ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "Alhaji, gini ya yi kyau, wanda ya yi shi ya san aikinsa. To amma su wa ke bayansa? Su wa ke gefensa? Ni ban ga maƙwabci a hoton nan ba."

Gidan da ke hoton sananne ne a duniyar masu zanen gini. Ana kiransa gidan Stahl, da sunan iyalin da aka gina wa, a tsaunukan Hollywood da ke kallon birnin Los Angeles. Pierre Koenig ya zana shi, aka gama shi a 1960, Julius Shulman kuma ya ɗauki hoton da ya zagaya duniya har ya iso wayar wani ɗalibi a Tasawa. Shi ne na 22 a jerin gidajen gwaji da wata mujallar zane da gini ta Kalifoniya ta ƙaddamar a 1945, daidai ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojoji ke komawa gida suna neman matsuguni. A shekarun nan ne salon da ake kira na zamani na tsakiyar ƙarni na 20 ya bunƙasa. Gida ne a kwance, ba ya miƙewa sama. Rufinsa shimfiɗaɗɗe ne mai dogon baki da ke fitowa ya yi wa bango laima, ginshiƙansa sirara, babu kwalliya, ɗakuna suna shiga juna, sai manyan tagogi don wanda ke zaune a ciki ya ji kamar a waje yake.

Wannan na ƙarshe shi ne ran salon. A wurin masu shi, abin da ido ke hangowa daga falo wani sashe ne na gidan, kamar rijiya ko ɗakin girki, kuma ana sa masa kuɗi. Gida biyu iri ɗaya, wannan yana hangen teku, wancan yana kallon bango, farashinsu ba zai zo ɗaya ba. Shi ya sa suke kai juna kotu a kai. A garin Tiburon, kusa da San Francisco, akwai dokar gari da ta ba mutum damar neman maƙwabcinsa ya rage wa bishiyarsa tsawo in ta girma ta tare masa hangen da ya tarar.

Mu ba mu da teku, ba mu da tsauni. Daga Tasawa zuwa Mayahi ƙasa ce a shimfiɗe, tudun rairayi da ɗan kwari, sai gari, sai gona, sai wani garin. Amma wanda ya ce babu abin kallo bai taɓa tsayawa a gaɓar Gulbin Kaba da la'asar sakaliya ba. Gulbi ne a suna, don a wajejen Kanambakashe da Mayahi ruwansa ya daɗe da komawa ƙarƙashin ƙasa, goriba ce ta gaje shi. Itace ne da ba ya kama da kowa: ya tashi ɗaya, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, kowanne da tuntun ganyensa a ka. In rana ta yi ja ta faɗa bayansu sai su koma baƙaƙe, kamar an zana su da gawayi. A ƙasa mata na dawowa da ƙunshin kaba a ka, wadda za ta zama tabarma da igiya da faifai. Da kaka kuma ga dammunan hatsi jingine, ga rumbuna a jere a bayan gari da hulunansu na jinka. A saman duk wannan akwai abin da ya fi su girma, wanda Hausa ta ba shi suna mai kyau: sarari. Kalmar da muke kiran sama da ita, ita muke kiran filin da ba a gine ba, ita kuma mutum ke faɗa in wahala ta sassauta masa, ya ce ya samu sarari. Ban ɗauka haɗari ne ya haɗa ma'anonin nan a kalma ɗaya ba.

To a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, wanda yake son ya hangi nesa hanya ɗaya gare shi, ya hau sama. In kuwa ya hau a cikin gari, kafin idonsa ya kai ga goriba sai ya fara faɗawa tsakar gidan wani.

Na ga haka a gidan gwaggonmu a Mayahi. Gida ne na da: zaure, ɗan fili, katangar da ke karya ido, sannan tsakar gida da bishiyar bedi ɗaya, wadda wasu ke kira darbejiya, da randuna a gindinta. Duk wanda ya yi bazara a ƙasar nan ya san daren Afrilu da Mayu. Da rana zafi ya haura digiri 40, kwano ya sha rana ya ƙoshi, da dare ya yi ta amayar da ita a kan wanda ke ƙasa. Babu mai kwana a ɗaki. Bayan isha'i 'yan mata su yayyafa wa tsakar gida ruwa, ƙasa ta yi wannan ƙamshi nata, a shimfiɗa tabarmi, mata su cire lulluɓi da kallabi su yi ɗaurin ƙirji, a kwantar da yara a jere, a yi ta hira ana fifita har barci ya kwashe kowa. Wata shekara wani maƙwabci ya ɗora bene a bayan katangarta, da manyan tagogi biyu suna kallon tsakar gidan. Ba mugun mutum ba ne, shi ma iska yake nema. Amma tun daren da aka fara kunna fitila a ɗakin saman nan, gwaggo ba ta ƙara cire lulluɓi a tsakar gidanta ba. Da na je gaishe ta na tarar an ɗaura tsofaffin buhuna a kan sanduna an ƙara wa katanga tsawo, buhunan kuma sun tare ɗan iskar da ke shigowa. Na ce, "Gwaggo, ba a yi masa magana ba?" Ta ce, "Ɗana, mutum da filinsa da kuɗinsa? Zaman tare ya fi." Matan 'ya'yanta suka koma kwana a ɗakin kwano da jarirai a cikin wannan zafi. Babu wanda ya ci mata iyaka ko da taku ɗaya, in aka kawo igiyar awo filinta yana nan yadda yake, amma rabin amfanin gidan ya tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, hukuncin wannan yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu kullum. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirin ilimi ke kaiwa gare ta tun bai yi gemu ba, ta kawo ƙa'idar hana cutar da wani, kuma cikin misalan da ta bayar har da buɗe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci da buɗe ƙofa daidai saitin ƙofarsa. Malaman Malikiyya sun ruwaito yadda Sayyidina Umar ya yi umarni a kan wani ɗakin sama da aka gina a Fusɗaɗ ta Masar: a ajiye gado a ƙarƙashin tagar, mutum ya hau ya tsaya, in yana ganin cikin gidan maƙwabci a toshe ta, in ba ya gani a bar ta. A Tunis ta ƙarni na 14 an yi wani magini, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke turawa ya dubo rigingimun gini, ya kuma tattara su a littafi guda. Mukhtasar na Khalil ya kai har ga cewa mai hawa dabinonsa ya sanar da maƙwabta kafin ya hau. Wannan muna yara mun tarar ana yi. In za a hau soro yin yaɓe kafin damina, sai an aika yaro gida-gida a ce mata su kintsa, maza za su hau bisa.

Sai dai a faɗi gaskiya, fiƙihun bai ba kowa haƙƙin hange ba. Mukhtasar ɗin nan ya nuna ba a hana mutum gini don kawai zai tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska. Ya cire wuri ɗaya, masussuka, inda ake sheƙa, domin a nan iska kayan aiki ce, in an tare ta an tare abinci. Wannan togaciya tana burge ni. Ta nuna malaman sun duba inda iska ke zama larura suka tsare ta. Hukunci na malamai ne, amma ina ganin ya kamata a kai musu tambaya: a garin da ake kwana a waje wata biyu zuwa uku kowace shekara, a lokacin da zafi ke kwantar da tsofaffi da jarirai, iskar dare a tsakar gida ƙawa ce ko larura?

Tasawa ta san amsar wannan a aikace tun da daɗewa. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin bayan ya ƙetaro ta Azbin. Abin da ya rubuta a kan gidajen Tasawa shi ne danga mai tsawo da ke kare idon mai wucewa, rumfa mai sanyi a bakin ƙofa inda ake harka ana karɓar baƙi, ɗakuna daga ciki, da manyan itatuwa da suka lulluɓe gidan da inuwa. Garin ya ba shi sha'awa ƙwarai. In ka lura, duk abin da ya lissafa a ƙasa yake, babu wanda ya ɗaga kai ya wuce itace.

Da na koma na bincika salon da ɗan yayana ke so, sai na tarar gidan Stahl ɗan lele ne a cikin danginsa, wanda ya samu tsauni shi kaɗai. Mafi yawan gidajen salon a cikin unguwa suke, maƙwabci dama da hagu. Joseph Eichler, wani ɗan kasuwar gini a Kalifoniya, ya gina kusan 11,000 daga cikinsu don masu matsakaicin ƙarfi. Ka tsaya a titi ka dubi gidan Eichler, kusan babu taga, sai bango da ƙofa da wani siririn gilashi can sama a ƙarƙashin rufi. Ka shiga, a yawancin waɗanda aka gina daga ƙarshen shekarun 1950, sai ka faɗa wani fili marar rufi a tsakiyar gidan, ɗakuna sun kewaye shi, bangon gilashin duk ciki da bayan gida yake kallo. Duk Bahaushen da ya ga zanen zai gane tsakar gida. Matsalarsu ma irin ta gwaggo ce: in maƙwabci ya ɗora bene, mai gidan gilashi ya zama abin kallo. Shi ya sa a birnin Palo Alto wasu unguwannin Eichler suka haɗa kai, mafi yawan masu gidaje suka sa hannu, hukumar gari ta rubuta musu cewa a unguwarsu ba a ɗora hawa na biyu.

Salon ya taɓa zuwa Nijar da ƙafarsa. A 1949 aka kawo wani gida a jirgin sama daga Faransa, gunduwa-gunduwa, aka harhaɗa shi a Yamai. Jean Prouvé ya ƙera shi da ƙarfe da alminiyam, da baranda kewaye, da rufi biyu wani a kan wani, da wata kafa a tsakiyar sama da ke zuƙe iska mai zafi ta fitar. Aka ƙara biyu a Brazzaville a 1951, daga nan aka tsaya, don ya fi ginin da ake yi a wurin tsada, kuma ma'aikatan mulkin mallaka da aka yi dominsu ba su so shi ba. Wajejen shekara ta 2000 masu cinikin kayan tarihi suka kwance gidajen uku suka mayar Turai. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Brazzaville a New York a kan kusan dala miliyan biyar. A Yamai daɓen siminti kawai aka bari. Gidan ya tafi, amma dabarar rufi biyun nan daidai ce, kuma ita ce muka ara.

Yayana bai sauka daga maganar bene a rana ɗaya ba. Sai da uwargidansa ta sa baki, don ta san labarin gwaggo, sai kuma da tsohon maginin ya zana masa a ƙasa da tsinke. Ya ja dogon layi daga gabas zuwa yamma, ya ce haka gidan zai kwanta. Gabas ta ba shi ƙeya, don daga can hadari ke tasowa, ruwa ya yi ta dukan bango. Yamma ma ta ba shi kafaɗa kawai, don ranar la'asar ita ce mai dafa ɗaki. Dogayen fuskokin biyu, kudu da arewa, su za a buɗe, kowacce da baranda. Yaron ya ce a littafi kudu kawai ake yi wa laima. Tsohon ya ce, "Littafin ƙasar wa?" Kuma shi ke da gaskiya. A Tasawa rana tana bi ta tsakiyar kai sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, tsakaninsu kuwa ta arewa take bi da tsakar rana. Littafin da aka rubuta don Faransa ko Kalifoniya bai san da wannan ba.

Bango birgin ƙasa ne, kauri kusan kamu ɗaya, a kan harsashin dutse da siminti da aka ɗaga ya wuce gwiwa. Ba a wasa da wannan. Daminar 2024, wadda ta rushe gidaje birjik a jihar Maraɗi, ta kuma kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta tuna wa kowa cewa ginin ƙasa yana son takalmi da hula. Wanda ke ganin ƙasa kayan talaka ce ya je Yama a jihar Tawa ya ga masallacin Falke Barmu, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986, ko ya je Dandaji ya ga sabon masallaci da ɗakin karatun da Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka kammala a 2018 da birgin ƙasa matsattse. A saman ɗakuna aka yi rufin ƙasa, sannan aka ɗaga kwano a kan ƙarafa ya yi masa laima, da tazara a tsakani inda iska ke wucewa. Kwanon ya sha rana, iska ta kwashe, ɗaki bai sani ba.

Gilashi an sa, amma ba kamar na hoto ba. Ƙofofi ne masu faɗi da ke buɗewa ga tsakar gida, a can cikin inuwar baranda inda rana ba ta taɓa su. Bangon gilashi a fili yana bukatar na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, wutarmu kuwa daga Katsina take zuwa ta Gazawa, kuma kowa ya tuna watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke layin. Ga hunturu, mai cusa ƙura a kowace kafa har ƙofa mai zamiya ta ƙi motsi.

A bangon da ke kallon maƙwabta sai aka yi siririyar tagar nan ta can sama, doguwa, a ƙarƙashin bakin rufi, irin ta gidajen Eichler. Ranar da za a yanke tsayinta ina wurin. Tsohon ya sa aka ɗauko gadon ƙarfe daga rumfar mai gadi aka ajiye a gindin bangon, ya kira wanda ya fi tsawo a cikin yaransa ya ce ya hau. Yaron ya hau ya yi ɗage. "Me kake gani?" Ya ce, "Baba, ina ganin kan turmi da igiyar shanya." Aka ƙara layin birgi biyu. Ya sake hawa. "Yanzu fa?" "Sai kan bedinsu da sama." Tsohon ya ce, "To nan ne." Na tambaye shi ko ya san ruwayar Sayyidina Umar. Ya ce shi dai haka ya ga ubangidansa yana yi. Tagar tana shigo da haske mai laushi duk yini, zafin da ya taru a sama yana fita ta nan, wanda ke kwance a ɗaki kuma yana ganin wata.

Gawo biyun su suka fi jawo gardama. Ɗaya ya faɗo daidai inda aka so a yi falo. Masu kawo yashi ma sai da suka ba da shawarar a sare, wai yana da ƙaya, wai saiwarsa za ta fasa daɓe. Haka ake yi a kowane sabon yanka: ranar da mutum ya karɓi takardar fili, washegari ya turo masu gatari su share shi fes, ya gina, sannan ya sayo dashen bedi ya yi ta ban ruwa shekara goma yana jiran inuwa. Alhali itacen da ya tarar wani ne ya raine shi. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar nan suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture, suna rage masa rassa su bar masu ƙarfi, abin da ake kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya yi ta yaɗawa daga Maraɗi. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan kadada miliyan biyar a kudancin Nijar. Gawo shi ne sarkinsu, don yana kaɗe ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukuncin kisa a kan mai sare shi, yau ma sai da izinin ma'aikatan gandun daji. A Tiburon ana rage itace don a ga teku. A nan itacen ne abin ganin, shi ne kuma inuwar.

Aka karya zanen gidan, falo ya matsa, baranda ta lanƙwasa ta bar wa gawon filinsa, aka bar gindinsa rairayi ba a yi daɓe ba. Na biyun yana kusa da iyaka, rabin inuwarsa a kan hanya take faɗa. Yanzu a nan mai shayi ke ajiye tebur, a nan 'yan makaranta ke tsayawa, in 'ya'yansa sun zubo kuma awakin unguwa ba sa bari su kwana.

Ba na cewa bene haramun ne, kuma na san abin da za a ce mini. A ƙidayar 2012 gundumomin Tasawa da Mayahi kowacce ta haura mutum rabin miliyan, yau sun fi haka nesa, kuma kowane gida a kwance gona yake ci. Filin yayana kansa hatsi yake bayarwa kafin ya zama gida. Wata rana dole a hau sama. An ma nuna yadda za a hau da mutunci: gidajen da ake kira Niamey 2000, waɗanda aka gama a Yamai a 2016, gida shida ne masu hawa a fili ƙarami, na birgin ƙasa, kuma an tsara su yadda kowane iyali ke da wurin shan iskarsa a suturce. Benen da tagoginsa ke kallon titi, wanda na gefen maƙwabta suka wuce tsayin mai tsaye a kan gado, wanda aka ja wa saman rufinsa katanga ta wuce kai, wanda ya ja baya ya bar wa iska hanya, ba zai kori kowa daga tsakar gidansa ba. Abin da nake so in gani shi ne a rubuta irin waɗannan sharuɗɗa a jikin takardar fili tun ranar yanka, tare da itatuwan da ke cikin kowane fili, mai unguwa da liman su shaida, ma'aikatar magajin gari ta buga hatimi. Da akwai irin wannan takarda, da gwaggo ba ta bukaci ta zaɓa tsakanin suturarta da zaman lafiya ba, takardar ce za ta yi magana a madadinta.

A unguwar yayana babu takarda, sai magana. Ya zauna da maƙwabtansa uku a ƙofar masallaci, suka yi alkawarin duk wanda zai ɗora sama zai fara sanar da sauran, kuma gawon kan iyaka na kowa ne. Zaurensa yana kallon arewa, da dakali da rumfa mai dogon baki, daga nan ido yana tsallake hanya ya bi ta kan gonaki har ya kai ga rumbunan wani ƙauye da layin itatuwa a bayansu. Nan yake zama bayan la'asar. A watan jiya aka sayar da filin da ke tsallaken hanyar ga wani mutum da ba su sani ba, an ce a Agadas yake aiki. An riga an sauke yashi mota biyu da tulin rodi masu kauri, irin waɗanda ba a saya don gida mai hawa ɗaya. Yayana ya samo lambarsa. Ya ce in mutumin ya zo gari zai je ya yi masa barka da zuwa da ɗan goro, ya gayyato shi shan fura a zaure, ya zaunar da shi a kan dakalin, ta gefen da ake hango rumbuna.